An Sa wa Eino Ranar Warkewa

Litinin, 3 ga Maris, da hantsi

Jikana Eino ya cinye min pulla, burodin nan namu mai zaƙi, tas, har da wadda na ɓoye wa matan coci a bayan gwangwanin fulawa. Ƙato ɗan shekara talatin, mai tsaron baya a babban kulob na hoki, wasan sanda a kan ƙanƙara, wanda ake nuna fuskarsa a talabijin, shi ne yake laluben kabad ɗina kamar ɓera. Na ce, "Kai dogo, dalolin da suke zuba maka ba sa sayen burodi ne?" Ya ce, "Mummu, na sata ya fi daɗi." Mummu kaka ke nan da yarenmu. Na ce to bari in kira 'yan jarida su zo su ɗauki hoton ɓarawo.

Tun Disamba yake nan wurina a bakin tafki, tun bugun da ya sha a ka a wasan nan. Ban kalli maimaicin ba, ba kuma zan kalla ba. Gidansa na birni duk gilashi ne, haske yana sara masa kai, shi ya sa ya dawo ɗakinsa na yarinta, ƙafafu suna leƙowa ta ƙarshen gado. Na ɗinka masa labule mai kauri da tsohon bargon kakansa Arvo, Allah Ya ji ƙansa.

Yau ya ce min ya warke sarai. Ya faɗa da safe, ya sake faɗa bayan ya sha kofi, kamar bai faɗa ba.

Ƙanƙarar tafki tana nan da ƙarfinta. Masu kamun kifi har da motoci suke hawa.

Laraba, 5 ga Maris, da yamma

Garnet ya bugo waya. Garnet Oleksiuk, wanda ya zauna a gidan nan yana saurayi, lokacin da ake raba 'yan wasan ƙaramin kulob na garinmu gidajen mutane. Ni na ciyar da shi, ni na wanke masa safa mai warin mushe. Gwiwa ta kashe masa wasa, ya koma makaranta, yanzu shi ne mataimakin manaja a kulob ɗin Eino, shi ke lissafin albashi. Yana sa kwat. Na gan shi a talabijin na yi ta dariya, wuyan nan da na sani kamar na zalɓe.

Eino ya ce masa yana so ya dawo wasa mako mai zuwa. Suka daɗe suna magana, sai Eino ya miƙo min wayar ya shige ɗaki.

Na ce, "Garnet, me ka faɗa wa saurayina ya kumbura?"

Ya ce, "Mummu, ki ɗauka tukunya ce. Hukumar lig ta ba kowane kulob tukunya iri ɗaya. Dole albashin duk 'yan wasa ya shiga ciki, murfi ya rufu. Ko mai kulob ya fi kowa kuɗi, ba ya wuce murfi."

Na ce, "Na fi ka sanin tukunya. Ci gaba."

"Wanda aka sa a jerin masu doguwar jinya, ana biyansa, amma ana tsame albashinsa daga tukunyar. Sai wuri ya samu."

"Wato ka tsame min jika kamar ƙashin miya."

Ya yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Ya ce ran Juma'a ake rufe kasuwar 'yan wasa. In ya sayo mutum biyu da wurin Eino, to babu inda zai mayar da shi har a gama wasannin lig. Amma da zarar an shiga wasannin kofi, sai a ɗage murfin gaba ɗaya, kowa ya shigo, da Eino da sababbin.

Na ce, "Yaushe ke nan?"

Ya ce, "Sha tara ga Afrilu."

Na ce, "Au, ranar zai warke ke nan?"

Ya ce, "Likita ce za ta faɗa, ba ni ba."

Ni dai aji shida na yi, amma ban taɓa jin ciwon da aka sa wa ranar tafiya kamar jirgin ƙasa ba.

Juma'a, 7 ga Maris, da la'asar

Sun sayo su. Wani ɗan Sweden mai tsaron baya, da wani mai cin raga wanda haƙoransa na gaba suka riga shi ritaya. Eino ya gani a waya, ya rage mata haske har da kyar ake ganin rubutu. Ya ce, "Mummu, da ciwon kaina aka sayi mutum biyu. Ashe kan nan ya fi tsada a fashe."

Na ce, "Da ma a lafiyayyensa ban ga abin da ya tsinana ba."

Muka yi dariya. Sai ya ce kwantiraginsa bana zai ƙare. In bai buga wasannin kofi an gan shi da ido ba, babu kulob ɗin da zai ɗauki mai tsaron baya ɗan talatin da kai irin nasa. Ya faɗa yana kallon tafki, ba ni ba.

Lahadi, 9 ga Maris, bayan coci

Ƙanƙarar tafki tana riƙe mai hawa.

Laraba, 12 ga Maris, da azahar

Ina feraye dankali na ji shi. Tak. Sai shiru. Tak. Daga bayan rumfar itace, irin ƙarar da baƙar robar hoki take yi in ta bugi katako.

Na ɗauka dogo ne. Na leƙa ɗakinsa, yana kwance. Har yanzu jikinsa yana bin tsarin ranar wasa: taliya da rana, barci bayanta, ya tashi ya yi wanka kamar mota tana jiransa a waje.

Na sa takalmi na zagaya. Babu sawun kowa a kan dusar ƙanƙara. Katakon nan na uku daga ƙasa yana nan da lotsawarsa, inda Arvo ya riƙa dukan wuri ɗaya a shekarunsa na ƙarshe, tsoho da furfura, yana harba roba tun safe, in na kira shi cin abinci ya dube ni kamar mai tambayar wace ce wannan.

Ɗigon ruwa ne daga rufi. Rana ta fara zafi.

Asabar, 15 ga Maris, bayan sauna

Yau na sha dariya har haƙoran robana suka nemi faɗowa.

Na hura sauna, ɗakinmu na wankan tururi, kamar kowace Asabar. Shi bai daɗe a ciki ba, wai ya ƙoshi da zafi, Eino da a da sai na kore shi. Muka zauna a kicin da tsiran alade da kofi, ya ce, "Mummu, kin san jikanki ɗan wasan kwaikwayo ne?"

Wai duk Satumba, kafin a fara wasanni, likitoci suna zaunar da su gaban kwamfuta. A karanto maka kalmomi ka maimaita, a nuna maka zane ka tuna, fitila ta kawo ka danna da sauri, ka tsaya da ƙafa ɗaya ido rufe. Sai a ajiye sakamakon, a ce wannan shi ne Eino mai lafiya. Ran da aka buge ka a ka, sai a sake gwada ka a kwatanta da na Satumba. In ka kamo shi, ka koma fili.

"To shekarata ta farko," in ji shi, "wani tsohon ɗan wasa ya ja ni gefe ya ce, yaro, kada ka kuskura ka nuna musu wayonka. Ka zama wawa. Tun daga nan duk Satumba wawa nake zama."

Ya tashi ya gwada min. Ya saki baki, ya ɗaga yatsa a hankali kamar mai tsoron maɓallin zai cije shi, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana tangaɗi kamar wanda ya fito daga mashaya. Wai likita ta ce "tuffa, kujera, doki," shi kuma ya ce "tuffa... kujera... kakata."

Na ce, "Ja'iri! Ni ce dokin?"

Ya ce, "Kowa yana yi, Mummu. Har Garnet a zamaninsa."

Na ce, "Wato yanzu da wawa za a gwada ka."

Ya ce, "Kuma zan cinye shi."

Sai ya daina dariya ya ce in rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Na ɗora hannu a kan butar kofi na rantse, don ita ce abu mafi tsarki a kicin ɗin nan. Ya ce a'a, da gaske. Na ce da gaske.

Da ya shiga ɗaki na tsaya wanke kofuna. Tangaɗin da ya gwada min, na gan shi shekaranjiya a bakin matakala. Ranar kuwa ba wanda yake ba dariya, bai san ina kallo ba.

Talata, 18 ga Maris, da yamma

Na aike shi sayen madara. Ya daɗe, ya dawo hannu wofi, wai an rufe hanya.

Hilkka maƙwabciyata ta shigo aron yis na kwaɓa burodi. Ta ce ta ga motarsa tsaye a mararrabar coci, ya kifa kai a kan sitiyari. Ta ce ta ɗauka addu'a yake. Na ce ai kin san shi da ibada. Ta dube ni, na dube ta. Tare muka tsufa da Hilkka, tana nan a wancan Afrilun da na rasa Arvo. Ta ɗauki yis ɗinta ta tafi.

Ba a rufe hanya ba.

Juma'a, 21 ga Maris, da hantsi

Duk Juma'a likitar kulob tana kiransa ta kwamfuta, fuska da fuska. Likita Brar, yarinya mai hankali, tana gaishe ni kullum. Kafin ta kira sai ya yi aski, ya ɗage labule, ya zauna a tsakiyar haske yana washe baki kamar mai tallar man goge haƙori. Ciwon kai? Babu. Jiri? Babu. Barci? Kamar jariri.

Da ta kashe, ya sauke labule ya shiga bayi. Famfo ya daɗe yana zuba, irin na mai ɓoye ƙarar amai.

Ban tambaya ba. Na dafa masa miyar kifi marar yaji, na ce ta jiya ce ta rage.

Litinin, 24 ga Maris, da safe

Ya daka min tsawa. Saboda cokali. Wai ina juya sukari kamar mai buga ƙararrawa.

Bayan ɗan lokaci ya zo ya rungume ni ta baya, ya ce bai san abin da ya hau kansa ba. Na ce ni na sani, rashin mata ne.

Ba zan rubuta wanda ya tuna min ba. Na canza cokulan, na fito da na katako.

Alhamis, 27 ga Maris, da la'asar

Abin dariya ba ya ƙarewa. Wani ya ɗauki hotonsa yana ɗauke da itace a bayan gida, ya watsa. Yanzu a rediyo babu zancen da ake sai na jikana. Magoya bayan sauran kulob suna bugowa suna kumfar baki: lafiyarsa ƙalau, kulob ne ya ɓoye shi don ya zille wa murfi, maguɗi ne, ranar farko ta wasannin kofi za ku gan shi ya tashi kamar wanda aka yi wa mu'ujiza. Wani ya ce a aiko masa irin maganin da za a ba shi ranar, surukarsa tana bukata.

Eino ya saurara ya ce, "Rabin ƙasar nan sun ce lafiyata lau, ƙarya nake. Allah Ya amsa bakinsu."

Na kashe rediyon.

Masu kamun kifi sun janye bukkokinsu daga kan tafki. Ƙanƙara tana riƙe mutum, mota kam a'a.

Tak, tak, da azahar. Ɗigon ruwa.

Talata, 1 ga Afrilu, da safe

Ya daina aski. Haka suke yi: in wasannin kofi sun zo, babu mai taɓa gemu sai ran da aka fitar da su ko suka ɗauki kofin. Shi ya fara da wuri, wai gemunsa mai nawa ne, yana bukatar a ba shi hanya.

Na ce, "Wannan ciyawar? Tsintsiyar sauna ta fi ta cika. Wace yarinya ce za ta kalle ka?"

Ya ce, "Ke kina nan ai."

Na ce, "Ni na wuce ajinka."

Ya tambaye ni yau wace rana. Na faɗa masa. Ya gama cin ƙwai ya sake tambaya. Na sake faɗa masa da murya iri ɗaya da ta farko. Wannan na iya shi. Na daɗe da koyonsa.

Juma'a, 4 ga Afrilu, da azahar

Ya cinye wawan.

Jiya Hilkka ta kai shi asibitin gari, aka yi gwajin, aka tura wa Likita Brar. Yau ta ce ya kamo na Satumba, a wani wurin ma ya wuce. Saura ganawar Juma'a mai zuwa ta sa hannu, ran Litinin ya hau jirgi ya fara atisaye da sauran.

Ya ɗaga ni sama a kicin kamar buhun dankali. Na ce sauke ni, ɗan banza, ƙasusuwana na aro ne. Da ya sauke ni ya dafa tebur, ya daɗe a dafe yana murmushi, idonsa a rufe.

Litinin, 7 ga Afrilu, da hantsi

Na jira ya shiga wanka na kira Garnet.

Na ce, "Garnet, akwai maganar da ke bakina."

Ya ce, "Mummu, tsaya. Don Allah tsaya. Kada ki faɗa min abin da zai zama dole in kai gaba."

Na ce, "Au, ka san ta ke nan."

Ya ce, "Ban san komai ba. Takarda ta ce ya warke. Shi ya ce ya warke. Na sayar da damarmu ta zaɓen matasan 'yan wasa ta shekara biyu don in haɗa kulob ɗin nan, kuma a kan zai dawo na haɗa shi. Ɗan Sweden ɗin nan da shi aka saye shi su yi tsaro tare. In bai dawo ba, hukuma za ta yi shiru, amma mai kulob ba zai yi ba. In ma ya dawo ana zagina. Ni ma Eino nake nema wa kwantiragi, Mummu, ba ki gani?"

Na ce, "Ina gani. Kana cin abinci kuwa? Muryarka ta rame."

Ya yi wata 'yar dariya. Ya ce, "Ina tuna Arvo, kin sani. Shi ya koya min wasa ƙarfen takalmin hoki."

Na ce, "To ka tuna shi da kyau."

Ya ce ana kiransa taro.

Yaron nan ba mugu ba ne. Na san shi tun yana kuka a ɓoye don kewar uwarsa. Tukunya ce dai aka ba shi, shi kuma ya iya cika ta.

Laraba, 9 ga Afrilu, da la'asar



Tak. Tak. Tak. Yau da ƙarfi, ba kamar kullum ba. Na leƙa ɗakinsa, gado babu kowa. Na zagaya rumfa, babu kowa. Sai na ga sawu ya gangara.

Yana kan tafki. Da silifas na cikin gida, sandar hoki a hannu, yana tafiya a hankali ya nufi bakin rafi, inda ƙanƙara ta yi duhu. Kafaɗa ɗaya a sama, kai a karkace. Tafiyar nan. Wurin nan.

Na buɗe baki, sunan da ya fito ba nasa ba ne. Na ce, "Arvo!"

Ya tsaya. Ya juyo. Na ce masa ya biyo sawunsa, kada ya taka ko'ina sai inda ya riga ya taka. Ya dawo. Silifas ɗin sun jiƙe sharkaf. Ya ce ya je duba ko za a iya gudu a kanta ne, yana so ya motsa ƙafa kafin Litinin. Na ce da silifas? Ya dubi ƙafafunsa. Ya daɗe yana dubansu.

Ya ce, "Mummu, kada ki..."

Na ce, "Shiga ka sa safa."

Wancan karon jar hular Arvo kawai na tarar a kan ƙanƙara. Sai a Mayu aka sami gawarsa. Shi ke nan, na rubuta.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da rana

Na gasa pulla. Ba wanda ya sata.

Juma'a, 11 ga Afrilu, da yamma

Na goge butar kofi da safe har tana ƙyalli. Na ce mata ki yi haƙuri.

Likita Brar ta kira. Dogo ya zauna cikin haske da ɗan gemunsa. Babu ciwon kai, babu jiri. Ta ce to madalla, ta jawo takarda. Sai na shigo da tire, na ajiye masa kofi, na sunkuyo na cusa fuskata a gaban kwamfuta kamar tsohuwar da ba ta san inda ake kallo ba.

Na ce, "Likita, sannu da aiki. Kin san kuwa jikan nan nawa ɗan wasan kwaikwayo ne? Bari in ba ki dariya."

Ya ce, "Mummu."

Na ce, "Bari mana, ai likita ma tana son nishaɗi."

Na ba ta labarin tun daga tsohon ɗan wasan da ya ja shi gefe. Na saki baki, na ɗaga yatsa a hankali. Na tsaya da ƙafa ɗaya ina tangaɗi, da tsufana, ina riƙe da kujera. Na ce tuffa, kujera, kakata. Ban taɓa ba da labari ya yi kyau kamar na yau ba, kuma ba wanda ya yi dariya. Da na ga na riga na shiga ruwa, sai na ƙara da madara, da famfo, da silifas.

Ta ajiye biro. Ta ce, "Eino, gaskiya ne?"

Ya tsaya kallon kofin da na ajiye masa.

Ta ce a hankali, "Ba zan sa hannu yau ba. Zan tura ka wurin likitan ƙwaƙwalwa, wanda ba na kulob ba."

Da ta kashe ya miƙe. Na ɗauka zai yi tsawa, na ma shirya mata. Ya ce da ƙaramar murya, "Kin rantse, Aili."

Bai taɓa kiran sunana ba tun da aka haife shi.

Asabar, 12 ga Afrilu, faɗuwar rana

Na hura sauna. Ta huce ba wanda ya shiga.

Litinin, 14 ga Afrilu, da safe

Yau ne ranar jirgi. Jakarsa tana bakin ƙofa tun makon jiya, bai kwance ta ba. Ina zagaye ta in wuce.

Ba ya min magana. Ina ajiye abinci a ƙofa, in dawo in tarar da kwano. Ko ba komai yana ci. Mai fushi da ni da cikinsa a cike, na iya zama da shi.

Laraba, 16 ga Afrilu, da la'asar

Jiya Hilkka ta kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, sun wuni. Ni bai yarda in bi su ba. Ta dawo ta ce min an gwada idanunsa da wasu na'urori, ba irin gwajin da ake iya yi wa wayo ba. Ta ce bana kam babu wasa. Na ce baɗi fa? Ta ce likitan bai ce komai a kan baɗi ba, kuma Eino bai tambaya ba.

Garnet ya bugo. Ya ce, "Ran Asabar za a ɗage murfi, wurinsa kuma babu kowa. Zan sa wani yaro da bai taɓa buga irin wannan wasan ba. Kin san abin da kika ja min?"

Na ce, "Na sani."

 Ya ce, "Yaya yake?"

Na ce, "Yana da rai, yana gaba da ni."

Ya ce, "In an kore ni, akwai miyar kifi?"

Na ce, "Ka zo da safarka a wanke."

Ƙanƙara ta yi baƙi. Ta fara sakin gaɓa.

Asabar, 19 ga Afrilu, kafin faɗuwar rana

Ranar warkewa.

Ya ci taliya da rana, ya yi barci, ya tashi ya yi wanka. Na ji shi yana zirga-zirga. Na zauna a kicin ban kunna komai ba. Ta taga ina ganin tafki. Iska ta tura ƙanƙarar, yanzu tsakaninta da gaɓa ruwa ne baƙi mai faɗi. Ko mutum ya so hawa, babu ta inda zai hau. Ban taɓa murnar ganin ruwa kamar yau ba.

Daidai lokacin da suke fitowa fili a can birni, ya buɗe ƙofa ya tsaya a bakin kicin. Ya rame. Gemun ya ɗan yi kauri, ba laifi, amma ban faɗa masa ba.

Ya ce, "Rezar Ukki tana nan?"

Haka yake kiran kakansa. Na ce tana nan.

Ya ce, "Fitilar madubi tana sara min kai. Hannuna kuma..." Bai ƙarasa ba, ya ɗaga min shi na gani.

Na ɗauko ta daga inda take tun wancan Afrilun. Na wasa ta a jikin ɗamarar fata, na dafa ruwa, na kaɗa sabulu. Ya zauna a kujerar da Arvo yake zama in yi masa, bayansa ga taga, na ɗaura masa tawul. Hannuna bai manta ba.

Ya ce, "Ban yafe miki ba fa."

Na ce, "Wa ya roƙe ka? Ɗaga kai."

Ya ce, "Ki bi a hankali, fuskar nan kaɗai ta rage min."

Na ce, "To ka shiga uku, don ita ma ba wata abar kirki ba ce."

Kafaɗunsa suka girgiza, sai da na ɗaga rezar na jira. Ban duba ko dariya ce ba. Ruwan da ya gangaro na haɗa shi da sabulu na share.

Na gama kunci ɗaya, ina ɗauraye reza a kwano, sai ga shi daga bayan rumfa. Tak. Guda ɗaya.

Eino ya buɗe ido. Ya ce, "Mummu, ke ma kin ji?"

Na ce, "Ɗigon ruwa ne. Miƙo haɓa."